Kowa da Ƙotarsa: Darasi Daga Masu Ƙwallon Lambu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Matameye, ga wani labari na wasa, amma akwai amfani a cikinsa.

Kowace shekara in ruwa ya sauka, akan samu magidanta kwance a ɗaki, baya ya riƙe. Shuka ta fito, haki yana tasowa tare da ita, mai gona kuwa ko tashi zaune ba ya iyawa. In kwanakin noman fari suka wuce mutum yana kwance, haki ya danne hatsi, to, rumbu ne zai faɗi sauran labari da kaka. Wasu sukan ce iska ce. Wasu su ce sanyi ne. Amma sau da yawa abu biyu ne ke kawo wannan ciwo: ƙotar da ba ta dace da mai ita ba, da jikin da ba a shirya shi ba.

Akwai wasu mutane a duniya da suka daɗe suna bincike a kan waɗannan abubuwa biyu. Su ne masu wasan ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf. Wasan masu kuɗi ne, gaskiya. Amma abin da suka kashe dukiya suka gano, manomi yana iya ɗauka kyauta.

Mene ne ƙwallon lambu?

Wasa ne da ake yi a babban fili, mai faɗin gonaki da yawa. A cikin filin akwai ramuka 18. Faɗin bakin kowane rami bai kai santimetir 11 ba. Ƙwallon ƙarami ne, kusan girman ƙwan zabuwa. Nauyinsa bai wuce giram 46 ba.

Ɗan wasa yakan tsaya daga nesa, ya bugi ƙwallo da sanda. Sai ya bi shi inda ya faɗi, ya sake bugu, har ƙwallo ya shiga rami. Daga nan ya wuce rami na gaba. Wanda ya gama ramuka 18 da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci. Zagaye ɗaya yakan ɗauki wajen awa 4, da tafiyar kilometir 8 ko fiye a ƙafa. Yaran karkara masu bugun ƙwallon goruba da sanda mai lanƙwasa sun san daɗin irin wannan bugu.

Asalin wasan daga Sikotland ne, wata ƙasa mai sanyi da ke arewa da Ingila. A shekarar 1457 Sarki Jemis na 2 ya hana shi, domin samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. Hanin bai yi aiki ba. A 1502 jikansa, Sarki Jemis na 4, shi da kansa ya sayi sandunan wasan a wurin wani mai sassaƙa bakuna. A 1764 ne aka tsayar da ramuka 18 a filin garin Sent Andurus, daga baya duniya ta bi.

Turawan Ingila suka kawo wasan ƙasar Hausa. A Kano akwai filinsa tun 1908. Daga Matameye, in an bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura, bai kai kilometir 200 ba. A ƙasashen Turai, gajeriyar ciyawa ce ke kewaye da kowane rami. A ƙasashe masu ƙarancin ruwa kuwa, an daɗe ana cakuɗa rairayi da baƙin mai, a daddale shi a bakin ramin don ƙwallo ya gangara sosai. Ƴaƴan talakawa sukan shiga filin su ɗauki jakar sanduna, a biya su. Da yawa daga cikin gwanayen wasan a Nijeriya ta nan suka fara.

Masassaƙi da maƙeri ne suka fara

Sandar ƙwallon lambu kashi uku ce: kai, da ƙota, da mariƙi. Kai shi ke bugun ƙwallo, kamar yadda ruwan fartanya ke saran ƙasa. Ƙota ita ce dogon jikin. Mariƙi shi ne wurin da hannu ke kamawa.

A zamanin da, duk da hannu ake yin su. Masassaƙi yakan nemi icce mai tauri don kai, wani iccen dabam mai lanƙwasa don ƙota. Ba ya aiki da ɗanyen icce. Sai ya ajiye shi ya bushe sarai. In ya sassaƙa kai, sai ya huda bayansa ya zuba darma don ya yi nauyi. A ƙasan bakin kuma ya liƙa yankin ƙahon rago, don kada ƙasa ta cinye iccen. Sa'an nan ya haɗa kai da ƙota da danƙo, ya naɗe mahaɗin da zare mai ƙwalta. A ƙarshe ya naɗa fata a mariƙi. Kun ga ke nan har makiyayi yana da hannu a cikin sandar.

Akwai kuma sanduna masu kan ƙarfe. Waɗannan aikin maƙeri ne. Da zuga-zugi da masaba da uwar maƙera yake yinsu, kamar yadda maƙerin ƙauye ke ƙera gatari.

A cikin shekarun 1800 aka fara kawo wani icce daga Amurka mai suna hikori. Yana da ƙarfi, yana lanƙwasa ya dawo bai karye ba. Shi ya zama iccen ƙota. Wajen 1900 kuma aka koma yin kai da wani iccen Amurka mai suna fasimon. Wannan icce dangin kanya ne, kanyar nan da kowa ya sani a bakin fadama.

Daga baya masana'antu suka shigo. An yarda da ƙotar ƙarfe mai rami a ciki a Amurka a 1924, a Ingila da Sikotland kuma a 1929. A shekarun 1970 aka fito da ƙota marar nauyi, ta wani zare mai suna girafayit. Duk da haka aikin hannu bai mutu ba. A garin Icikawa na ƙasar Japan an fara ƙera kawunan ƙarfe a 1930, kuma har yanzu akwai maƙera a can masu gyara kowane kai da hannu a bakin dutsen wasa.

Dokar wasa ta ce ɗan wasa kada ya ɗauki sanda fiye da 14. An kafa wannan doka a 1938 da 1939. Kowace sanda da aikinta. Akwai doguwa, mai kusan santimetir 114, ta bugun nesa. Akwai matsakaita. Akwai mai fuska a kishingiɗe, ta ɗaga ƙwallo daga cikin rairayi. Akwai ta gangara shi cikin rami. Manomi ma haka yake: sungumi na shuka, fartanya da hauya na noma, galma ta huɗa, lauje na yanka, gatari na sara.

Mutum ake fara aunawa

Ga babban darasin. Gwanin wasa ba ya shiga kanti ya ɗauki sandar da ya tarar. Yakan je wurin mai haɗa sanduna, a auna shi kamar yadda tela ke auna mai riga. Abubuwa biyar ake dubawa.

Na ɗaya, tsawo. Ana auna tsayin mutum. Sa'an nan ya tsaya miƙe, ya saki hannuwansa, a auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Mutum biyu suna iya zama tsayi ɗaya, amma hannun wani ya fi na wani tsawo. Sandarsu ba za ta zama ɗaya ba.

Na biyu, zaman kai. Ana liƙa ƙyalle a ƙasan kan sanda, mutum ya yi bugu a kan allo. Sai a duba inda ƙyallen ya goge. In tsakiya ne, sanda ta zauna daidai. In gefe ɗaya ne, ƙwallo zai riƙa kaucewa hagu ko dama, komai gwanintar mai bugu. Sai a matse kan a cikin maƙama, a ɗan tanƙwara wuyansa.

Na uku, taurin ƙota. Mai ƙarfin bugu, ƙota mai tauri ake ba shi. Tsoho ko mai ƙaramin ƙarfi, mai laushi.

Na huɗu, kaurin mariƙi. In mutum ya kama, ya kamata kan yatsunsa su ɗan taɓa tudun tafin hannunsa. In mariƙi ya yi siriri, sai ya riƙa matsawa da ƙarfi, hannu ya gaji. In ya yi kauri, wuyan hannu ba ya juyawa yadda ya kamata.

Na biyar, nauyi. Ana ƙara darma ko a rage, har sanda ta yi daidai da ƙarfin mai ita.

Wani injiniya a Amurka, Kastin Solhaim, mai kamfanin Ping, shi ya yaɗa wannan awo ga kowa da kowa. A 1972 ya fito da wata dabara: ɗigon launi a kan sanda. Kowane launi yana nuna irin jikin da sandar ta dace da shi. Wanda bai iya karatu ba ma yana gane tasa. Yau akwai sandunan mata dabam, masu sauƙin nauyi. Akwai na yara, gajeru, ana canja musu in sun ƙara tsawo. Malaman wasan sun lura cewa yaron da aka ba sandar babba yakan koyi mummunar tsayuwa, ta bi shi har girma.

Sanda ba ta bugu da kanta

In an gama da sanda, saura jiki. Bugu ɗaya bai kai daƙiƙa 2 ba. Amma a hannun manyan gwanaye kan sanda yakan yi gudun da ya wuce kilometir 180 a awa, ƙwallo ya tafi metir 270 ko fiye. Wannan ƙarfi daga ƙafafu yake tasowa, ya bi ta ƙugu da gadon baya, ya fita ta kafaɗu. Mutum yana sunkuye, yana murɗa jiki, kullum ta gefe ɗaya. Shi ya sa ciwon da ya fi damun masu wannan wasa shi ne ciwon baya, daidai ƙugu. Ciwon manomi ke nan.

A da, ƴan wasan ba su damu da motsa jiki ba. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Geri Fileya, yana cikin waɗanda suka fara. An haife shi a 1935, ɗan mai aikin haƙar zinariya. Ba shi da girman jiki. Sai ya riƙa gudu, yana ɗaga ƙarfe, yana ƙarfafa cikinsa kullum. Wasu abokan wasansa suka riƙa yi masa dariya. Ya ci manyan gasa 9. Ta ƙarshe ya ci ta a 1978, yana da shekara 42.

Sai kuma Taiga Wuds na Amurka, wanda aka haifa a 1975. Ya ci babbar gasarsa ta farko a 1997 yana da shekara 21. Ya ci manyan gasa 15. Amma baya ya kayar da shi. Daga 2014 zuwa 2017 sau 4 likitoci suna yi masa aiki a baya. Ya sha jinya, ya sake koya wa jikinsa aiki sannu a hankali, har ya dawo ya ci babbar gasa a 2019. Shi yana da likitoci da dukiya. Manomi kuwa bayansa shi ne jarinsa. In ya lalace, babu na canji.

Yau yawancin gwanayen wasan suna da mai horar da jikinsu. Abin da suke yi ba boyayye ba ne. Suna tafiya da gudu don numfashi. Suna ƙarfafa cinyoyi da ciki da gadon baya. Suna miƙa ƙugu da kafaɗu don su saki. Suna tsayuwa da ƙafa ɗaya don kada su riƙa tangaɗi. Kuma ba sa fara bugu da sanyin jiki. Sai sun ɗumama shi tukuna. Ɗaya daga cikin motsin da suke yi shi ne su ɗora sanda a bayan wuya, su rataya hannuwa a kanta, su juya dama da hagu a hankali. Duk wanda ya ga Bafillace a bayan shanunsa ya san wannan tsayuwa.

A Nijar ma an san darajar shirin jiki. Tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci, babu ɗan kokawar da ke tashi daga barci ya faɗa fili neman takobi. Sai ya yi kwanaki yana gudu, yana gwada ƙarfi, yana cin abinci mai kyau. To, noman fari ya fi kokawa tsawo. Kokawa mintoci ce. Noma kuwa daga hantsi ne har azahar, yau da gobe.

A koma kasuwar Matameye

A kasuwar Matameye da ta Kance, da kasuwannin Dungu da Yawuri da Kurni da Tsauni, ana kasa ƙotoci da ruwan fartanya in bazara ta yi. Mutane da yawa sukan tsaya, su taya, su ɗauki mai araha su wuce. Ba su gwada ba. Wani ma aike yake yi. Ga shi kuwa masassaƙi da maƙeri suna nan zaune, sun iya gyara. Gizago yana hannu, wuta tana ci. Abin da attajirin Turai ke biya da tsada, a nan magana ce kawai da ɗan haƙuri.

Hausawa suna yi wa noma kirari da na-duƙe. Amma duƙawa ma tana da iyaka. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ƴan ƙodago sun daɗe suna noma da wata fartanya mai gajeriyar ƙota, a duƙe wuni guda. Likitoci suka ba da shaida cewa tana lalata baya. A 1975 hukuma ta hana aiki da ita. Ƙasarsu dabam, aikinsu dabam, kuma ba a ce manomin Matameye ya yar da fartanyarsa ba. Abin lura shi ne, tsawon ƙota magana ce ta lafiya.

Ga abin da ya kamata mai sayen kayan noma ya yi:

1. Ya je da kansa. Ya tsaya gaban masassaƙi, ya yi kamar yana noma. In sai ya duƙa har kansa ya kusa gwiwa, ƙota ta yi gajarta. A nemi mai ƙarin taƙi ɗaya.

2. Sungumi da hauyar tsaye, a auna su da tsayin mai su. Ruwan ya taɓa ƙasa mutum yana miƙe, ba tare da ya sunkuya ko ya ɗaga kafaɗa ba.

3. Ya kama mariƙi. Yatsu su kewaye shi, su ɗan taɓa tafin hannu. In ya yi kauri, a rage da gizago. In ya yi siriri, a naɗa fata ko ƙyalle.

4. Ya shafa ƙota da hannu. In akwai ƙulli ko sartse, a kankare, a shafa ɗan man gyaɗa. Bororo a tafin hannu ma yana hana aiki.

5. Ya zo da tsohon ruwan fartanyarsa ya nuna wa maƙeri. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, alama ce zamansa a karkace yake. Maƙeri zai san yadda zai kafa sabon.

6. Ya duba nauyi. Ƙasar jigawa mai rairayi ba ta bukatar ruwa mai nauyi. Ƙasar fadama, inda ake rake da kayan lambu, ita ke son mai nauyi.

7. Kada ya karɓi ɗanyen icce. In ya bushe zai tsuke, ruwa ya yi sako-sako, wata rana ya fice ya sari ƙafa.

8. Ya riƙa wasa baki. Dakusasshen ƙarfe, baya ne ke biyan kuɗinsa.

Sai maganar mata da yara. A gidaje da yawa, in maigida ya sayi sabuwa, tsohuwar ce ake miƙa wa uwargida ta tafi gamanarta. Yaro kuma a ba shi wadda babba ya gaji da ita. Wannan kuskure ne. Hannun mace da na yaro ba girman na namiji ba ne. A yi wa kowa tasa. Kuɗin ƙaramar fartanya bai kai kuɗin magani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, bayan yaro ma haka ne.

Makiyayi ya san wannan tuntuni. Ba ya ɗaukar sandar wani. Shi ke zaɓen reshensa, ya gasa shi a wuta ya miƙar, ya yanke shi daidai tsayinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya kula da bayansa a bakin rijiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Da rani, wasu suna lambu, jikinsu bai huta da aiki ba. Wasu kuwa sun tafi cin rani Damagaram ko Kano ko Legas, sun yi watanni suna zaune gaban tebur. Wasu suna gida a inuwa. Ran da ruwa ya sauka, duk sai a faɗa gona lokaci ɗaya, daga asuba. Ƴan kwanaki kaɗan, baya ya ƙi.

Ga shirin da ba ya cin ko dala:

Tun watan Afrilu da Mayu a fara taɓa aiki kaɗan-kaɗan: sassabe, kai taki, gyaran darni. Kowace rana a ɗan ƙara. Ɗan cin rani ya yi ƙoƙari ya dawo kafin shuka, ba ranar shuka ba.

Tafiya gona a ƙafa tana ɗumama jiki. In an isa, kafin sara na farko, a ɗora ƙota a bayan wuya, a juya dama da hagu a hankali kamar sau 10. A tsuguna a miƙe kamar sau 10. A fara kunyar farko a sannu.

In an kai ƙarshen kunya, a miƙe tsaye, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan gantsare. A riƙa sauya ƙafar da ke gaba, don kada gefe ɗaya ya ɗauki wahala duka.

In za a ɗaga buhu ko dami ko guga, a matso kusa da kayan. A lanƙwasa gwiwa, baya yana miƙe, a tashi da ƙarfin cinya. Kada a murɗa jiki da kaya a hannu. A juya da ƙafa. In kaya ya yi nauyi, a kira ɗan'uwa. Mai jan wasaki ya kafa ƙafafunsa sosai, ya riƙa karɓa-karɓa da abokin aiki.

A riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba. A kuma tuna, jiki ba ya aiki da yunwa. Mai hankali yakan ware damman da ba za a taɓa ba sai lokacin noma.

Akwai wani haɗari da ya shigo karkara. Wasu samari suna haɗiyar ƙwayar tramol don su yi noma ba gajiya. Ƙwayar ba ta gyara baya. Rufe ciwon kawai take yi, mutum ya ci gaba da ɓarna a jikinsa bai sani ba. Tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma sa faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya. A guje ta.

In baya ya riƙe, yawanci yakan saki da kansa cikin ƴan kwanaki ko ƴan makonni. Likitoci sun ce doguwar kwanciya ba ta taimako. Gara a riƙa ɗan tattaki, a bar aiki mai nauyi tukuna. Amma in ciwon yana sauka cikin ƙafa har ta mutu ko ta rasa ƙarfi, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, ko akwai zazzaɓi da rama, to, kada a tsaya. A tafi gidan likita mafi kusa ko asibitin Matameye.

Ƙota daga icce take

Ba a samun ƙota mai kyau sai da icce mai kyau. Masassaƙa suna son aduwa da marke da kanya don taurinsu. Maƙeri yana son gawayin ƙirya. In waɗannan itatuwa suka ƙare, sana'a biyu sun mutu, manomi kuma ya koma sayen abin da ya samu.

Mutanen wannan yanki suna da abin alfahari a nan. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun aka hana saran gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Matameye da Magarya da Mirya suka riƙa barin ƴan itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu, suna yi musu aski, abin da ake kira sassaben zamani. Wani bincike na 2006 ya nuna cewa wannan aiki ya rufe wajen hekta miliyan 1 a waɗannan ƙasashe uku. Mutane daga ƙasashen waje suna zuwa kallo.

Saboda haka mai neman ƙota ya ɗauki reshe, ya bar uwa. Ya yanka da kaifi, don wurin ya warke. Ya yanka tun da kaka ko da ɗari, ya ajiye a inuwa, kafin bazara ya bushe. Gawo da aduwa suna cikin itatuwan da dokar daji ta kare. Kafin a taɓa su, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.

Jama'a, damina tana tafe. Kowane maigida ya fito da kayan nomansa tun yanzu, ya tara iyalinsa, kowa ya kama tasa a gani. Wadda ta yi gajarta a canja. Wadda ta karkace a kai maƙera. Wanda ba shi da tasa a yi masa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi, a kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci, a gayyato masassaƙi da maƙerin gari su ma su faɗi abin da suka sani. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya bar kowa da lafiyarsa.